FILIN ZUMUNTA: Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Duk wanda yake so ya auna ƙarfin wata ekklesiya, to, kada ya je ran Lahadi da safe. Ran Lahadi kowa yakan zo. Mai sabuwar riga yana so a gani, saurayi yana neman inda zai haɗa ido da budurwa, ɗan siyasa kuma, in zaɓe ya ƙarato, ba ya rasa kujerar gaba. Mai son sanin gaskiyar al'amari ya dakata sai ran Laraba da yamma, sa'ad da akan kaɗa ƙararrawa, ko kuwa a buga tsohon ƙarfen mota da aka rataye a reshen bishiya, domin kiran jama'a zuwa addu'ar tsakiyar mako. A nan ne zai tarad da bencina wayam, sai 'yan tsofaffin mata, da dattijo ɗaya ko biyu, da mai bishara yana riƙe da fitilarsa. Sau da yawa majami'ar da ta cika ta batse ran Lahadi ba ta iya tara kashi ɗaya cikin goma na mutanenta a wannan yammaci.

Wannan abu ya isa ya sa shugabannin ekklesiya tunani, gama lokatan da ake ciki ba na wasa ba ne. Tsadar abinci ta matsa wa talaka, rashin zaman lafiya ya raba dubban iyalai da gonakinsu, samari sun gama makaranta suna zaman kashe wando. Bangaskiyar da ba ta da zurfi ba ta jure irin wannan fari. Tamkar kududdufi take, wanda yakan cika da damina har yara su yi iyo, amma da hunturu ya kama sai ya koma taɓo, kafin bazara ya tsattsage. Abin da ke riƙe gari da rani shi ne rijiya. Saboda haka tambayar da ta kamata ko wace ekklesiya ta yi wa kanta ita ce, ta yaya bangaskiyar mutum takan tashi daga matsayin kududdufi ta zama rijiya?

MA'ANAR ALHERI

Amsar da Littafi Mai Tsarki ya bayar ta fara ne daga wajen Allah. A cikin wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura ta 2, Manzo Bulus ya nuna cewa ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba, domin kada wani ya sami abin yin fahariya. Wannan kyauta ita ce Kirista suke kira alherin Allah. Bahaushe ya san alheri sarai, ya kuma san bambancinsa da biyan bashi. In mutum ya yi wa wani ƙodago a gona aka ba shi kuɗinsa, ba ya cewa an yi masa alheri, haƙƙinsa ya karɓa. Alheri shi ne abin da ya zo wa mutum ba don ya cancanta ba, ba kuwa don zai iya ramawa ba.

Yesu Almasihu ya bayyana wannan da misalai. A cikin Matiyu sura ta 20 akwai labarin mai gonar inabi wanda ya ɗauki ma'aikata tun da sassafe, ya ƙara waɗansu da hantsi, waɗansu da tsakar rana, waɗansu kuma sai da rana ta kusa faɗuwa, amma da lokacin sallama ya yi sai ya ba kowa lada daidai. Waɗanda suka sha zafin rana suka yi gunaguni, kamar yadda kowa zai yi. A cikin Luka sura ta 18 kuma akwai mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Na fari Bafarisiye ne, ya tsaya yana lissafa wa Allah azuminsa da zakarsa. Na biyu mai karɓar haraji ne, wanda ko ɗaga kai bai iya yi ba, sai roƙon jinƙai kaɗai. Wanda ya zo hannu wofi shi ne ya koma gida karɓaɓɓe.

Koyarwar tana da sauƙin faɗa, amma riƙe ta da wuya, domin zuciyar ɗan Adam ta saba da ciniki. Shi ya sa a yau akan ji waɗansu masu wa'azi suna sa wa albarka farashi, suna cewa wanda ya ba da kaza zai sami kaza, suna sayar da mai da ruwa da ƙyalle kamar masu tallar magani a tashar mota. Ɓarnar wannan koyarwa ba ta tsaya ga kuɗin da talaka yake asara ba. Mutumin da aka koya wa cewa bangaskiya ciniki ce, ran da ya biya bai ga kaya ba, ɗayan biyu ne: ko ya ce Allah ya cuce shi, ko ya ce shi ne bai biya da yawa ba. Ta ko wace hanya bangaskiyarsa ta raunana. Wanda kuwa ya gane cewa tun farko kyauta aka yi masa, ba shi da takardar bashi da zai kai gaban Allah, don haka wahala ba ta iya yaga ta.

To, in ruwan na Allah ne, mene ne aikin mutum? Hausawa sukan ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Addu'a ita ce guga. Ba ita ke haifar da ruwan ba, amma in babu ita sai mutum ya mutu da ƙishirwa a bakin rijiya. Har wa yau, ba a taɓa jin mutum guda ya haƙa rijiya shi kaɗai ba. Dole wani ya shiga ciki, wani ya riƙe igiya, wani ya kwashe ƙasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a raba zancen alheri da addu'a daga zancen zaman jama'a a cikin ekklesiya. Domin kada maganar ta tsaya a kan misali kawai, ya kyautu a dubi tarihin wata ekklesiya ta ƙasar nan wadda aka gwada ta da wuta.

A GINDIN TSAMIYA

Ran 17 ga watan Maris na shekarar 1923, waɗansu Turawan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada tare da mutane ƙalilan a gindin wata tsamiya a Garkiɗa, a bakin kogin Hawul, cikin ƙasar Bura, inda yake Jihar Adamawa a yanzu. Ba majami'a, ba benci, ba ƙararrawa. Daga wannan taro ne aka sami abin da a yau ake kira Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, watau EYN.

Ɗarikar da ta aiko su tana da nata tarihin wahala. An kafa ta a shekarar 1708 a wani ƙauye mai suna Schwarzenau a ƙasar Jamus, inda mutum takwas, a ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, suka yi baftisma a kogin Eder, abin da dokar wancan zamani ba ta yarda da shi ba. Tsanani ya sa yawancinsu suka yi ƙaura zuwa Amurka. Tun daga farko sun ɗauki koyarwar Yesu ta kan dutse da gaske, musamman wajen ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa, har aka san su a duniya a matsayin ɗaya daga cikin ekklesiyoyin salama.

Aikin Garkiɗa bai fara da nasara ba. A shekarar 1924 matar Kulp, Ruth, ta rasu, jaririn da ta haifa shi ma bai rayu ba. Sai a 1927, bayan shekara huɗu, aka yi baftisma ta fari, ta mutane 'yan kaɗan. In da da yawan kawuna ake auna aikin Allah, da an ce a naɗe tabarma a koma gida. Amma sannu ba ta hana zuwa. Aka buɗe makaranta da asibiti, aka kafa wurin jiyyar kutare kusa da Garkiɗa, aka kai aikin Lassa cikin Margi, da Marama, da Cibok. A asibitin Lassa ɗin nan ne a shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jiyya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da likitoci ba su san shi ba, wanda ya zama ajalinta, shi ne kuwa duniya ta sani yanzu da sunan zazzaɓin Lassa. A 1972 ragamar ekklesiyar ta koma hannun 'yan ƙasa, hedkwatarta kuma tana Kwarhi, kusa da Mubi, inda makarantar horad da fastoci mai ɗauke da sunan Kulp take.

Mutanen wannan ekklesiya Bura ne, da Margi, da Kibaku, da Kamwe, da Kilba, da sauran ƙabilu masu yawa, kowa da harshensa. Abin da ya haɗa bakinsu a wajen sujada da manyan tarurruka shi ne Hausa, wadda aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinta tun shekarar 1932. Da Hausa ake waƙa, da ita ake wa'azi a birane, da ita kuma mutumin Gwoza yake yi wa mutumin Biu addu'a.

YADDA AKE HAƘA RIJIYAR

Akwai wata al'ada ta 'Yan'uwa da ta cancanci a tsaya a kanta, watau jibin ƙauna. Kafin a karya gurasa a sha ƙoƙo, akan ba kowa zarafi ya binciki zuciyarsa. Sa'an nan a kawo ruwa a kwano da tawul, maza a gefe guda, mata a gefe guda, kowa ya durƙusa ya wanke ƙafafun na kusa da shi, bisa ga abin da Yesu ya yi wa almajiransa a cikin Yohanna sura ta 13. Bayan wannan a ci abinci tare, kana a yi Jibin Ubangiji. A wannan zama babu babban ma'aikaci, babu masinja. Mai digiri yakan durƙusa gaban manomi mai kaushi da faso. Wanda ya ba da ƙafarsa aka wanke ya koyi karɓar abin da bai biya ba, wanda ya wanke kuma ya koyi bayarwa ba da jiran godiya ba. Wa'azi ɗari a kan alheri bai kai wannan durƙuso guda shiga zuciya ba. Kuma da wuya mutum ya riƙe ƙafar ɗan'uwansa a hannu alhali yana riƙe da shi a zuci, don haka jibin yakan tilasta wa masu gaba su shirya tun kafin ranar.

Bayan wannan akwai ayyukan mako-mako waɗanda ba su da armashi a ido, amma su ne ƙashin bayan ekklesiyoyin Arewa, ko EYN, ko ECWA, ko COCIN, ko sauransu. Akwai addu'ar asuba kafin a tafi gona. Akwai ajin baftisma, inda sabon mai bi yakan yi watanni yana koyo kafin a kai shi ruwa. Akwai Zumuntar Mata, waɗanda suke taruwa da anko da tulun kiɗa da caki, su yi nazarin Littafi, su haddace ayoyi, su tara ɗan abin da ya samu, sa'an nan su bi gida gida wajen mai jego, da majiyyaci, da wadda aka yi wa rasuwa. Akwai kuma 'yan Sabon Rai Don Kowa, aikin da ya taso daga Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro a farkon shekarun 1960 ta hannun Gerald Swank da abokan aikinsa, wanda tun tushensa aka gina shi a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje kafin a fita wa'azi.

Amfanin waɗannan tarurruka a bayyane yake ga mai lura. Na ɗaya, a cikinsu ne mutum yake koyon addu'a, kamar yadda yaro yake koyon magana, watau ta wurin jin manya. Na biyu, a nan ne ake sanin damuwar juna, gama a taron mutum dubu ba mai iya tashi ya ce babu hatsi a rumbunsa, amma a taron mutum bakwai yana iyawa. Na uku, wanda ya yi wa maƙwabcinsa addu'a da baki, kunya ba ta barinsa ya hana shi mudun dawa. Zumunta a ƙafa take, addu'ar gaskiya kuma takan sa ƙafa tafiya. Na huɗu kuwa, wanda shi ne mafi girma, akwai ranar da mutum ba ya iya yin addu'a da kansa, saboda baƙin ciki ya toshe masa maƙogwaro. A ran nan sai 'yan'uwa su ɗauke shi, kamar mutanen nan huɗu na Markus sura ta 2 da suka ɗauko shanyayye a kan shimfiɗarsa, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Labarin ya nuna bangaskiyar masu ɗaukar ce Yesu ya duba.

RANAR GWAJI

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ƙasar da EYN ta fi yawa a cikinta, watau kudancin Borno da arewacin Adamawa da wani yanki na Yobe, ita ce ta zama filin ta'adin Boko Haram, wanda bai bar Musulmi ba bai bar Kirista ba. A daren 14 ga watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Cibok, mafi yawansu kuwa 'ya'yan wannan ekklesiya ne. Ran 29 ga watan Oktoba na shekarar nan mahara suka mamaye Mubi da hedkwatar Kwarhi, shugabanni da ɗalibai suka bazama cikin daji, aka mai da ofishin ekklesiya Jos na ɗan lokaci. Bisa ga lissafin da shugabanninta suka bayar a 2020, an kashe mata mutum fiye da 8,000, fiye da 700,000 kuma sun rasa matsuguni, ban da ɗaruruwan majami'u da aka ƙone. Garkiɗa kanta, mahaifar aikin, an kai mata hari a watan Fabrairu na 2020.

Abin lura shi ne abin da ya ragu bayan gini ya tafi. Waɗanda suka tsallaka zuwa sansanin Minawao a Kamaru, da waɗanda suka sauka a Yola da Jos da gefen Abuja, ba su jira an gina musu majami'a ba. Inda duk suka sami inuwa sai su taru, mata su tayar da zumuntarsu, wanda ya iya karatu ya karanta, wanda ya haddace ya faɗa da ka. Ekklesiyar da ta fara a gindin bishiya ta koma gindin bishiya, ba ta kuwa mutu ba, domin abin da aka shekara tasa'in ana haƙawa ba a cikin bulo da kwano yake ba. A can Amurka kuma, uwar ɗarikar ta aika wa ko wace majami'arta sunan yarinya guda daga cikin 'yan matan Cibok, domin a riƙa ambatonta gaban Allah da sunanta, kada ta zama lamba kawai a cikin labarai.

ADDU'AR DA BA A GA AMSARTA BA

A nan ne mai hankali zai yi tambaya mai nauyi, bai kuwa kamata a kauce mata ba. An yi azumi, an yi addu'a. 'Yan mata 57 sun kuɓuta tun a kwanakin farko, an sako 21 a watan Oktoba na 2016, an sako 82 a watan Mayu na 2017, waɗansu kuma sun fito ɗaya ɗaya daga baya. Amma da aka cika shekara goma a 2024, fiye da 80 ba su dawo ba, iyaye da dama kuma sun mutu suna jira. Shin uwar da 'yarta ta dawo ta fi wadda tata ba ta dawo ba iya addu'a ne? Ko kusa. Duk mai wa'azin da ya faɗi haka ya ƙara wa mai ciwo ciwo, ya kuma yi wa Allah ƙarya.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan matsala ba. A cikin Ayyukan Manzanni sura ta 12, Sarki Hirudus ya kashe Yaƙub ɗan'uwan Yohanna da takobi, ya kuma kulle Bitrus. Ekklesiya ta duƙufa da addu'a, aka kuɓutar da Bitrus da dare, har da ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa masu addu'ar ba su gaskata yarinyar nan Roda da ta kawo musu labari ba. Sura guda, manzanni biyu, ekklesiya ɗaya, ɗaya ya fita ɗaya ya mutu, ba a kuwa ba da dalili ba. Bulus ma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura ta 12, ya ba da labarin wata ƙaya a jikinsa wadda ya roƙa sau uku a cire masa. Ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin da aka ba shi ya ishe shi. Yesu kansa a Gatsemani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma miƙa kai ga nufin Uba.

Irin wannan bangaskiya ce aka gani a wajen Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya a ƙaramar hukumar Micika, wanda aka sace a farkon watan Janairu na 2020. A cikin hoton bidiyon da masu tsaronsa suka fitar, ya roƙi a nemi sakinsa, kamar yadda ko wane mai iyali zai yi. Amma ya nuna bai karaya ba, domin a ganinsa ko wane hali mutum ya shiga yana hannun Allah. Ya sa zuciya cewa da alherin Allah zai koma wurin iyalinsa, in kuwa ba a ba shi wannan dama ba, to, a yi haƙuri, a kula da 'ya'yansa. An kashe shi ran 20 ga watan. Mutum ba ya ƙago irin wannan natsuwa a ranar da wuƙa take wuyansa. Ruwa ne da aka daɗe ana tarawa, a addu'o'in asuba da na Laraba waɗanda ba wanda ya rubuta labarinsu.

Ashe zurfin bangaskiya ba ya nufin mutum ya sami duk abin da ya roƙa. Yana nufin ya kai matsayin da zai roƙa da dukan zuciyarsa, a hana shi, ya kuma ci gaba da kiran Allah Uba.

'YA'YAN DA ITACEN YA BAYAR

Da 'ya'ya akan san itace. Ba za a ce kowa a cikin ekklesiyar nan ya yafe nan take ba. Mutane ne masu jini da tsoka, akwai masu fushi, akwai samarin da suka tambayi iyayensu amfanin koyarwar salama ga wanda aka ƙone wa gida. Saboda haka ne aka shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda gwauraye da marayu sukan zauna kwana da kwanaki suna faɗin abin da ya same su, a yi kuka tare, a yi addu'a tare. Amma a matsayinta na ekklesiya ba ta kira 'ya'yanta ga ramuwa ba. Wani ma'aikacinta, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira a Gurku, cikin Jihar Nasarawa, inda Kirista da Musulmi suke zaune gida kusa da gida. Dokta Rebecca Dali, matar shugaban ekklesiyar na wancan lokaci, Rabaran Samuel Dali, ta kafa ƙungiyar agaji mai taimakon gwauraye da marayu ba tare da duban addini ba, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Janeba a 2017. A 2016 kuma aka ba EYN, tare da ƙungiyar sulhu ta Kirista da Musulmi da take aiki da ita, lambar salama ta Michael Sattler a Jamus. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira kuwa ba su manta da maƙwabtansu Musulmi da suka ɓoye su, ko suka nuna musu hanyar gudu ba. A watan Maris na 2023 ekklesiyar ta yi bikin cika shekara 100.

Dangantakar wannan da alheri a fili take. Wanda ya san an yafe masa bashin da ba zai iya biya ba, shi ne kaɗai yake da abin da zai yafe wa wani da shi. Gafara ba ta hana neman shari'a, ba ta kuwa ɗauke wa hukuma nauyin tsaron rayukan jama'a. Abin da take hanawa shi ne ƙiyayya ta gaje gidan da wuta ta bari.

ABIN DA YA RAGE GA SAURA

Darasin bai tsaya ga mutanen Borno da Adamawa ba. Ya shafi majami'un Hausa da ke Ikko, da Ibadan, da Fatakwal, inda masu gadi da 'yan acaba da sojoji da 'yan kasuwa daga Arewa suke taruwa nesa da gida, ya kuma shafi manyan majami'un birni masu amsa-kuwwa da fankoki. Ba a fara haƙa rijiya ran da gobara ta tashi.

Ya kamata dattawan ekklesiya su ba taron addu'a irin kulawar da suke ba asusun gini, su sa shi a lokacin da ma'aikaci da 'yar kasuwa za su iya zuwa, su kuma fara da zuwa da kansu. Ya kamata a raba babbar jama'a ƙungiya ƙungiya bisa ga unguwanni, yadda ba wanda zai yi mako biyu ba a gan shi ba ba tare da an taka an je gidansa ba. Abin da aka faɗa a wurin addu'a ya tsaya a wurin, gama ba abin da ke kashe zumunta kamar a mai da roƙon addu'a tsegumi. A bar wa masu shaida wuri su faɗi alherin da suka gani, amma a bar wuri kuma ga wanda har yanzu yana jira, kada ya ji kamar shi ne saniyar ware. Magidanta su tuna cewa yaron da bai taɓa jin muryar ubansa tana addu'a a tsakar gida ba, da wuya malamin makarantar Lahadi ya cike masa wannan giɓi cikin sa'a guda. Masu wa'azi kuma su ji tsoron Allah, su daina sa kuɗi a kan abin da aka ba su kyauta.

Ga wanda kuma ya ga kamar ya yi nisa, ya daɗe bai taka majami'a ba, ko nauyin laifi ya hana shi buɗe baki, labarin mai karɓar harajin nan nasa ne. Ba a tambayar kowa takardar shaida a bakin wannan rijiya. Ran Laraba mai zuwa za a sake buga ƙarfen nan da yamma, tsofaffin matan nan kuma za su zo kamar yadda suka saba, akwai kuwa sauran wuri a kan benci.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya komo da waɗanda ke tsare, ya ba ƙasar nan zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.